Taurarin labarina duk bakinsu ya koma ɗaya, a taimaka min kafin na fara littafi na 3

Maman Ilham:

Assalamu alaikum ƴan uwa marubuta da makaranta, da fatan an wuni lafiya, ya yara ya ibada. Dan Allah shawara nake nema akan wani abu da ya hanani bacci kwana biyun nan, kuma nasan a nan akwai waɗanda suka riga ni daɗewa a harkar nan.

Ina rubuta wani labari ne mai littafi 3, na gama na 1 da na 2 ina sakinsu a gurup ɗin WhatsApp da kuma Wattpad, duk a waya nake taifin da daddare in yara sun yi bacci. Labarin gidan wani ɗan kasuwa ne mai shagon atamfa a Kantin Kwari, Alhaji Sadisu, da uwargidansa Hajara wacce ya aura tun yana yaron shago ko keke bashi da shi, sai amarya Nafisa da ya ƙaro a littafi na 2, ita bazawara ce ta shigo da ƴarta Ummi, sai mahaifiyarsa Inna da ke zaune a sashenta cikin gidan. Ɗan Hajara na fari sunansa Kabiru. A littafi na 3 so nake yaran su girma labarin ya fara komawa kansu, iyayen kuma su manyanta.

To wata mai karatu ce da take bina tun fej na farko ta min magana ta firaibet, cikin mutunci wlh, tace Maman Ilham labarinki na da daɗi amma in aka rufe sunaye ba za a gane wa ke magana ba. Na koma na duba, sai naga gaskiyarta ne. Inna tsohuwa da bata taɓa shiga aji ba tana cewa "gaskiya banji daɗin abinda kika yi ba ya kamata ki fahimce ni", irin maganar da Nafisa mai digiri take yi sak. Kowa a gidan in ransa ya ɓaci taɓe baki yake, kowa sauke ajiyar zuciya yake, har Alhajin ma. Na ƙirga a littafi na 2 kaɗai sau nawa aka sauke ajiyar zuciya sai da raina ya sosu, don ni a kaina ina jin muryar kowannensu daban amma a rubuce duk muryata ce.

Sannan akwai lissafin shekaru da ya kuɓuce min. Ummi ta shigo gidan tana da shekara 6, nace shekara 5 sun wuce, sai gashi a ƙarshen littafin tana shirin zana WAEC, wata ta tambaya a komen wai ko tsallaken aji ake mata. Wannan dai na san kuskure ne zan iya gyarawa.

Babban abinda ya dameni shine Hajara da Nafisa. Tun da Nafisa ta shigo na maida ta muguwa zalla, makirci, kai ƙara, har zuwa wajen boka, saboda haka masu karatu suke so kuma komen ya fi yawa ranar da ta yi wani abin. Yanzu a zuciyata inaso su daidaita a littafi na 3 don abinda nake son faɗa kenan tun asali, amma duk yadda na rubuta shi sai naji ƙarya nake, mace ta shekara tana neman ganin bayanki kawai rana ɗaya ta durƙusa tana kuka tana neman gafara? Ni kaina ban yarda ba balle mai karatu. Ya kuke yi ku raini taurari har su canza a hankali ba tare da sun zama wasu mutane daban ba, kuma ya ake riƙe dangantakar mutum 10 ko fiye a littafi 3 ba'a rikice ba? Na gode Allah ya bar zumunci.

Goggon Marubuta:

Wa alaikumus salam ƴata. Allah ya yi albarka, ki gode wa wacce ta gaya miki gaskiyar nan, mu a zamaninmu sai littafi ya fito kasuwa an buga dubbai sannan wasiƙa zata zo ta akwatin gidan waya a nuna maka kuskurenka, lokacin kuma bakin alƙalami ya bushe. Na fara rubutu ne a shekarun 1990 lokacin da ake kai littafi kashi-kashi kasuwar Sabon Gari, na 1 ya fito, in ya samu karɓuwa ɗan kasuwa ya matsa maka akan na 2. Da biro muke rubutawa a littafin makaranta sannan a kai wa mai kwamfuta, to saboda tsakanin na 1 da na 2 ana iya yin wata shida dole na koyi ajiye wani littafi daban wanda ba na labari ba, ni ina ce masa littafin dangi.

Ki sayi littafi guda na takarda, banda waya. Kowane mutum ki bashi shafinsa. A sama ki sa shekarar da aka haife shi ta gaske, misali Ummi 2004, Kabiru 2001, to duk inda labari ya kai kin san shekarunsu ba sai kin yi kirdado ba. Firamare 6 ce sakandare 6 ce, yarinyar da ta shiga aji 1 tana da shekara 6 ba zata zana WAEC ba sai wajen 17 ko 18, in ta yi jami'a ki ƙara 4 aƙalla, bautar ƙasa 1. Haka lissafin cikin gida, ciki wata 9, suna kwana 7, wanka kwana 40, yaye bai wuce shekara 2 ba, takaba wata 4 da kwana 10. Har azumi ki lura da shi ƴata, don duk shekara yana matsowa da kamar kwana 11, a shekarar 2000 cikin sanyin Disamba muka yi shi, a 2016 a watan Yuni da damina ta fara, a 2025 a Maris cikin zafi. In labarinki ya ɗauki shekara 15 ba zai yiwu kullum ana shan ruwa cikin hunturu ba, mai karatu mai lura zai kama ki.

Amma ba wannan ne ya sa na tsaya rubuta miki dogon bayani ba. A ƙasan shafin kowa ki rubuta yadda kowa a gidan yake kiransa. Wannan shine sirrin da na daɗe ban gane ba. Mu Hausawa dangantakarmu a bakinmu take, a sunan da muke kiran juna. Hajara ba zata taɓa buɗe baki tace Kabiru ba tunda ɗan fari ne, sai dai tace yaron nan, ko wancan, ko ta kira shi da laƙabin da kakarsa ta sa masa, a gaban mutane ma nuna take kamar bata damu da shi ba alhali in ya yi zazzaɓi ita ce bata runtsawa. Inna kuwa jikanta ne, mijinta ne na wasa, zata ce angona ya shigo, ta tsokane shi ya tsokane ta akan kuɗin cefane. Kinga mutum ɗaya, mata biyu, kowacce da kalar son da take masa, kuma ba sai kin rubuta mana cewa suna sonsa ba.

To ki tambayi kanki, me Hajara take kiran Alhaji lokacin yana yaron shago, me take kiransa bayan ya je Makka, kuma me ta koma kiransa daga ranar da aka kawo lefen Nafisa? Wataƙila da can akwai wani suna da daga ita sai shi suka sani, ranar da ya gaya mata zai ƙara aure ta ajiye sunan ta koma Alhaji kamar kowa. Ba kuka ba zagi, amma duk macen da ta karanta zata ji abin a ƙirjinta. In kuma a littafi na 3 yana kwance a asibiti ta sunkuya ta kira shi da tsohon sunan nan, kin gama da mu.

Haka Inna da Nafisa. In tun shigowarta Inna bata kama sunanta sai dai matar nan ko mai ɗakin can, Ummi kuma ƴar matar nan, to ranar da tsohuwa ta ce ke Ummi zo ki matsa min ƙafa, mai karatu ya san wani dutse ya motsa a gidan. Canjin mutum a labari da irin wannan ake auna shi, ɗan abu kaɗan yau, ɗan abu kaɗan bayan fej 20.

Maganar baki ɗaya kuma, ki je ki zauna da tsohuwa ta gaske ki yi shiru ki saurara. Tsohuwa bata cewa ki fahimce ni. Cewa take yo ni ƴasu, ko kuwa ta jefo miki karin magana ta juya kai ta ci gaba da jan carbinta, in abu ya ɓata mata rai ma ba lallai ta faɗa ba, kwanon tuwon ne zai dawo yadda aka kai shi da murfinsa.

Ɗan Zazzau:

Malama sannu da ƙoƙari, Goggo ta riga ta ɗauke mafi yawa, Allah ya ƙara girma Goggo. Ni abinda zan ƙara akan Nafisa ne, don ina ganin can ciwon yake.

Kince kin maida ta muguwa zalla. Tambayata itace me Nafisa take so a duniya wanda bai shafi Hajara ba? In amsar itace babu, to ba mutum kika rubuta ba, sanda kika rubuta da ake dukan uwargida da ita, shi yasa tubanta ya ƙi zama. Kuma ga amsar nan a hannunki baki duba ba, mace ce da ta shigo da agola. Ki zauna ki yi tunanin matsayin yarinyar nan a gidan. Ba ta da gadon Alhaji ko sisi, in ya faɗi yau ƴaƴansa ne zasu raba, namiji rabon mata biyu, matan kuma su biyun tumuni ɗaya zasu raba tsakaninsu. Dangin uban Ummi suna nan, kowace rana suna iya zuwa su ce a basu ƴarsu tunda uwar ta yi wani aure. Ranar sallah a ɗinka wa yaran gida kala uku ita a ɗinka mata ɗaya, ko a manta da ita a rabon kuɗin makaranta ba da mugunta ba, kawai don ba'a saba lissafawa da ita ba. Macen da auren farko ya mutu mata, ta ɗanɗana zawarci a gidan iyaye, tana kallon ƴarta tana raɓe-raɓe a bakin ƙofar falo, wannan matar in ta yi makirci tsoro ne yake tuƙa ta. Ba wai ki wanke ta ba, abinda ta yi ta yi, amma ki koma ki bamu fej biyu ko uku daga cikin ɗakinta da daddare ita da Ummi, mu ga abinda take gani.

Kuma ki lura da wani abu da zai miki amfani a littafi na 3, Ummi muharramar Alhaji ce amma ba muharramar Kabiru bace matuƙar ba shayarwa tsakani, aure ya halatta. Ban ce ki haɗa su ba, wannan naki ne, amma ko zancen kawai ya taso a gidan zai tilasta wa matan nan biyu su zauna su kalli juna. Ki dai tuntuɓi malami akan duk wani hukunci kafin ki saka, don kuskuren fiƙihu a littafi ya fi kuskuren shekaru ciwo.

Akan girman tauraro daga littafi zuwa littafi, muna da misali tun tuni a Magana Jari Ce na Abubakar Imam da ya fito kashi 3 a ƙarshen shekarun 1930. Akun da ke ba da labaran, a littafi na 1 aikinsa ya riƙe Musa ɗan sarki da labari kar ya fita, daga baya ya zama waziri, a na 3 kuma uba ne yana koyar da ɗansa Fasih. Matsayinsa ya canza, wanda yake wa magana ya canza, amma wayonsa da bakinsa suna nan. Abinda nake nufi ki zaɓar wa kowa abu ɗaya da ba zai taɓa barinsa ba har kabari, sauran su canza. In Nafisa mai kaifin baki ce to ko ta shiryu da kaifin bakinta zata shiryu, sai dai yanzu ta juya shi tana kare gidan da shi.

Karin harshe ma yana taimakawa in kin iya shi. In Inna daga ƙasar Sakkwato ta taso zata ce mi, wanga, ɗiyata, mu kuma a nan Zazzau kin san ana mana tsiya bama raba mace da namiji a magana. Amma ɗan kaɗan kamar gishiri, kuma in baki zauna da masu karin ba gara ki barshi, don masu shi suna karantawa kuma suna jin haushi in aka kwaikwaye su ba daidai ba.

Ɗiyar Damagaram:

Salamu alaikum. Ni ba marubuciya bace, mai karatu ce tun ina lakwal, wato makarantar boko, nake ɓoye littattafan Kano cikin kaye, littafin rubutu, ina karantawa, yanzu kuma a waya. Ƴar uwa ina roƙonki da Allah kar ki sa Nafisa ta durƙusa tana kuka. Mun gaji da wannan. Kullum sai muguwa ta haukace ko mota ta take ta ko asiri ya koma kanta sannan ta kira kowa ta nemi gafara, ni ban taɓa ganin haka a gidan gaske ba.

A gidan mata biyu na tashi. Mahaifiyata ce amarya. Shekaru sama da 20 suka zauna ban taɓa ganin sun yi hira ta minti goma ba, gaisuwar safe ce kawai da miƙa mabuɗin madafa in girki ya zagayo, kwana bibbiyu. Akwai maganganu da aka faɗa wa juna tun kafin a haife ni waɗanda ba wacce ta manta. Amma duk haihuwar da mamana ta yi, Iya, wato uwargidan, ita ce take tashi tun asuba ta hura itace ta dafa ruwan wanka da ganyen darbejiya, ta dama kunun kanwa ta aiko ni da shi, fuskarta a ɗaure, bata shiga ɗakin ba, sai dai tace kai wa uwarki tasha da zafinsa. Kwana 40 bata fasa ko ɗaya ba. Ranar 41 kowa ya koma inda yake.

Da babanmu ya rasu suka shiga takaba tare, wata 4 da kwana 10 a gida ɗaya ba mijin da ake kishi a kansa, ba ranar girki, ƴan gaisuwa suka watse bayan sadakar bakwai aka barsu su biyu. Abinda na gani da idona, wani dare wajen sati na shida na fito zan zaga sai na tarar da su a tabarma ɗaya a tsakar gida, ba mai magana, Iya na tsefe wa mamana kai. Shikenan. Ba wacce ta ce yafe min a gabanmu, in ma sun faɗa tsakaninsu ne da Allah. Bayan an raba gado kowacce ta koma wajen ƴaƴanta, amma har Iya ta rasu duk azumi sai mamana ta aika mata da sukari da gero, kuma ranar rasuwarta mamana ta fi kowa kuka.

Ban san ko wannan sunansa shiri ba. Ba ƙawaye suka zama ba. Amma in kika rubuta min irin wannan zan yarda dake, don na san shi. Kuma dan Allah ki bar wa Hajara nata laifin, uwargidan da bata taɓa yin kuskure ba sai haƙuri da kuka da sallar dare ita ma bata yi kama da mutum ba. Iya tamu mutuniyar kirki ce amma ta iya shiru mai ciwo, tana iya wata guda bata amsa gaisuwar yaro ba saboda laifin uwarsa, mu muka sani.

Autar Hajiya:

Anti Maman Ilham sannu, ni ma onlayin nake rubutu kamar ki kuma inaso na taɓo wani gefe da manya basu taɓo ba saboda su a zamaninsu babu shi, wato komen. Littafin dangin da Goggo ta faɗa yana da kyau sosai amma wlh in kina sakin fej kullum da daddare kina karanta komen da safe, masu karatu ne zasu ƙwace miki alƙalamin baki sani ba. Kin faɗa da bakinki, ranar da Nafisa ta yi mugunta komen ya fi yawa shi yasa kika ƙara mata. Ni haka ta faru dani, akwai wata ƙanwar miji a labarina da gurup ya tsana, kullum a kashe ta a kashe ta, na biye musu na kashe ta a haɗarin mota a tsakiyar littafi na 2, kwana biyu ana murna ana turo min stika, daga nan labarin ya mutu murus don ashe ita ce take haɗa kowa da kowa, ita ke kai magana daga sashen uwar miji zuwa na matar, da ta tafi sai kowa ya zauna a ɗakinsa ba abinda ke faruwa. Waɗanda suka ce a kashe ta su suka fara cewa labarin ya yi sanyi.

Yanzu bana sakin komai sai ina da fej 10 a ajiye gaba, ta yadda abinda aka faɗa yau ba zai shiga rubutun gobe ba, zafin ya huce kafin na kai wajen. Ina karanta komen don na gane inda ba'a fahimta ba, amma makomar mutanena ni ke yanke ta. Ki shirya fa, ranar da kika fara nuna ɓangaren Nafisa ƴan bayan Hajara zasu taso miki, har a ce an biya ki ko ke ma amarya ce, wasu su fita daga gurup. Ki daure.

Na baki ɗaya kuma ga dabarar da nake yi, in na gama fej sai na karanta maganganun kawai da ƙarfi na ɗauka a waya, na tura wa yayata ba tare da sunaye ba nace ta faɗi wa ke magana. Inda ta kasa nan zan gyara. Sannan ki yi amfani da wajen bincike na manhajar rubutu ta WPS ki rubuta ajiyar zuciya ki ga duk inda take, ki bar wa mutum ɗaya ita, sauran ki nemo musu nasu, wani in ransa ya ɓaci sai ya hau gyaran abinda bai lalace ba, wata sai ta hau wanke-wanke da ƙarfi har a ji ƙarar kwanuka a waje.

Maman Ilham:

Kai jama'a na rasa bakin godiya, Allah ya saka da alheri ya biya buƙatu. Ɗiyar Damagaram wlh sai da na ajiye wayar na share hawaye, Allah ya jiƙan Iya da Baba ya kai haske kabarinsu. Goggo na aiki yaro ya siyo littafin tun jiya, na cika shafi 14, kuma ina cikin cikawa na gano ban taɓa sanin sunan uban Ummi ba balle garinsu, shekara biyu ina rubuta yarinyar. Malam Ɗan Zazzau na yanke shawarar littafi na 3 zai buɗe ne daga ɗakin Nafisa ranar da baffan Ummi ya zo da maganar tafiya da ita, kuma durƙuson nan na cire shi gaba ɗaya. Ga ɗan abinda na gwada daren jiya ku duba min.

Nafisa na tsaye a bakin madafa da takardar da baffan ya bari, ta ninke ta ta sake ninkewa. Hajara bata ɗago ba, tana ta tankaɗe. Can tace, "Yaushe suka ce?" Nafisa tace, "Bayan sallah." Rariyar ta tsaya. Hajara ta kaɗe hannunta a zani ta leƙa tsakar gida ta ɗaga murya, "Kabiru, in ka fita ka biya shago ka ce da Alhaji ina son ganinsa kafin la'asar." Sannan ta ja kwanon garin ta tura shi gaban Nafisa ba tare da ta kalle ta ba, "Ƙarasa min wannan, bayana ya riƙe."

Anya ya yi? Ban sa ta ce komai akan Ummi ba da gangan.

Goggon Marubuta:

Ya yi ƴata, tura kwanon nan ya yi sosai, kar ki ƙara masa komai, kuma kar fej na gaba ya nuna sun zama ɗaya, gobe ki bari su sake saɓawa akan wani ƙaramin abu kamar gawayi ko kuɗin nepa. Abu ɗaya zaki gyara, kin sa Hajara ta kama sunan Kabiru. Ki goge. Ta ce kai, ko ta ce da ƙanwarsa gaya wa yayanku. Ki duba shafinsa a littafin dangin ki rubuta shi da jan biro a sama yadda ba zaki sake mantawa ba, sannan ki turo min fej ɗin in kin kammala ina jira.